Gidajen Gado na Birnin Zariya da Gwanayen Maginansu

A tsohon birnin Zariya, kamar a sauran biranen ƙasar Hausa, gidan gado da sunan mai gida ake kiransa, ko da sarautarsa, shi ya sa sunan maginin da ya tsara shi yakan ɓace bayan zuriya ɗaya ko biyu, alhali kuwa shi ne ya auna fili, ya shata harsashi a ƙasa, ya kuma yanke yadda zaure zai kai baƙo shigifa ba tare da idonsa ya faɗa tsakar gida ba. Babu zanen takarda a wannan sana'a, domin tsarin yana cikin kan magini, wanda ya koya daga mahaifinsa tun yana miƙa tubali, wato curin ƙasar da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana.

Wanda sunansa ya tsira daga wannan mantuwa shi ne Malam Mika'ilu, da aka fi sani da Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Laƙabin ya zama na zuriyarsa, ya kuma zama sunan unguwar da gidansu yake. Labarin baka yana cewa Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gina masa masallaci, don kada ya yi wa wani sarki irinsa, kuma ko yaya gaskiyar labarin take, yana nuna girman da ake ba aikinsa.

Gwanintar irin waɗannan magina ta fi bayyana a rufi. Azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita biyu, saboda haka suka ƙware wajen ɗaura azara a kan azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana lulluɓe su da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ake kira bakan gizo, kuma da shi ne attajiri ko basarake yake samun soro mai faɗi wanda ba ginshiƙi a tsakiyarsa. Daga waje kuma sai a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi a yi masa laso mai haɗin katsin marina don kada ruwa ya ratsa, a kafa zankwaye a kusurwoyi.

Raunin ginin ƙasa shi ne ba ya rayuwa sai da yaɓe bayan damina, kuma gidan da magada suka yi yawa a kansa da wuya a sami wanda zai ɗauki wannan nauyi. Da siminti da kwano suka yawaita a ƙarni na 20, iyalai da dama sun rushe sorayen kakanninsu, shi ma masallacin Juma'a na Zariya an kewaye abin da ya rage na ginin Babban Gwani da sabon ginin kankare a shekarun 1970. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya auna irin waɗannan gine-gine ya zana su, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda shi ya assasa, an sake gina kwatankwacin masallacin da ƙasa da azara.