Karnukan da Suka Ƙi Tsallake Shinge

Tarihinmu na wannan makon daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ya faro. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier suka ɗaure karnuka suna jona musu lantarki, babu hanyar tsira. Washegari aka sa su a akwati mai gajeren shinge, wanda duk ya tsallake ya huta. Kusan biyu cikin uku suka kwanta suna kuka. Masanan suka ce karnukan sun koyi miƙa wuya.

Maier ya ci gaba da bincike kan ɓeraye a Jami'ar Colorado. A 2016 su biyun suka gyara maganarsu: miƙa wuya ba koyonsa ake yi ba. Idan azaba ta daɗe, wani gungun ƙwayoyi a gindin ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin serotonin, sai jiki ya mutu. Abin da ake koya shi ne cewa motsinka yana da amfani. Sashen da ke bayan goshi ke gane hakan, ya taka wa gungun birki.

Mu a Gusau mun san manoman Tsafe da Bungudu da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su girbe gonakinsu. Ɗan Adam ya fi ƙarfin a kwatanta shi da kare, amma darasin ya shafe mu: kada alƙalaminmu ya kira su ragwaye. Mu nuna sau nawa suka kai kuka ba a share musu hawaye ba, sannan mu nemo ranar da ƙoƙarin ɗayansu ya yi tasiri. Daga nan labarin zai tashi.