Daga Mangalar Jaki Zuwa Sifirin A-kori-kura: Tarihin Ɗaukar Kaya Tsakanin Sokode da Dapaong

Tun kafin mota ta taka ƙasar Togo, fataken Hausa sun san yankin da garin Sokode yake a yau. A ƙarni na 19 ayarin goro yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya sauka a ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaure ta Musulmi ta zama masauƙin baƙi, sannan ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Wata hanyar ta bi ta arewa, ta Sansanne-Mango da ke bakin kogin Oti, garin da sunansa ke ɗauke da kalmar nan tamu ta sansani. Fatake sukan kai kanwa da tufafin rini da fatu, su komo da goro.

A wancan zamani ma'aunin kaya shi ne bayan jaki da kan ɗan dako. Madugu ya san cewa idan mangala ta karkata gefe ɗaya za ta yi wa jaki miki, jaki mai miki kuwa yakan tsayar da ayari duka. Saboda haka ake daidaita nauyin dama da hagu tun kafin a tashi daga zango. Dabba tana nuna gajiyarta a fili: ta yi ɗingishi, ta durƙusa, ta ƙi tashi.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai da dama suka koma Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Jamusawa, waɗanda suka kafa mulkinsu a bakin teku tun 1884, sun buɗe barikinsu a Sokode a ƙarshen shekarun 1890, suka kuma karkata cinikin ƙasar zuwa Lome. Titin jirgin ƙasa da suka shimfiɗa daga Lome ya tsaya a yankin Atakpame. Faransawa suka ƙarasa shi zuwa Blitta a farkon shekarun 1930, bai ƙara gaba ba. Ke nan Sokode da Kara da Mango da Dapaong ba su taɓa samun jirgi ba, duk abin da za a kai arewa sai a ɗora shi a kan taya. Hanyar da a da take tafiya daga gabas zuwa yamma ta juya ta zama daga kudu zuwa arewa, wadda a yau ake kira babbar hanya ta ɗaya, mai tsawon fiye da kilomita 600 daga Lome zuwa Sinkase, kan iyakar Burkina Faso.

Manyan roka da tireloli su ne suka gaji dogon zango, musamman bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968. Amma wanda ya gaji jaki a tsakanin kasuwannin ƙauye shi ne a-kori-kura. Peugeot 404 mai rufin tamfol, wadda masu magana da Faransanci ke kira bashe, da ƙanwarta 504, da Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a 1968, su suka riƙa jigilar doya daga yankin Basar da Sokode, da gero da gyaɗa da dabbobi daga yankin Dapaong. Dukansu sun dogara da abu guda a ƙafar baya: sifirin mai falle-falle, wato sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Dabarar ta girmi mota, domin tun 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irinta. Ta daɗe ne saboda sauƙinta: maƙeri na iya kwance ta, ya sake lanƙwasa falle, ko ya ƙara wani.

A nan ne al'adar ƙarin falle ta samo asali a garejin Afirka ta Yamma. Mai mota ya ga bayan motarsa ya zauna saboda lodi, sai ya kai wa bakanike a cusa falle ɗaya ko biyu. Mota ta miƙe, ido ya gamsu. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, ƙarin falle yana ɗaga bodi ne kawai. Bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ko boris ko ƙashin motar juriya ba. Nauyin da kamfani ya rubuta a jikin mota yana nan yadda yake. Ga shi kuma idan aka sauke kaya, sifirin da ya yi tauri yakan sa ƙafar baya ta riƙa tsalle a kan burji, riƙon ƙasa ya ragu.

Hanyoyin gyaran da ake da su yanzu sun fi na da yawa, kowanne da aikinsa. Akwai sifirin taimako, wanda ba ya shiga aiki sai kaya sun danne mota, don haka ba ya taurara ta idan babu lodi. Akwai jakar iska da ake hurawa ko a sace gwargwadon nauyi, sai dai ƙaya da tsakuwa abokan gabarta ne. Shi kuwa shokozoba ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa kashe lilo da girgiza. Ga mai jan ƙaramar tirela akwai wata matsala dabam: nauyin da ke sauka a kan maƙalar baya, wanda aka fi so ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, yana danne baya ya ɗaga gaba, sitiyari ya yi sako-sako. Maganinsa gyara zaman kaya ne, da maƙala mai raba nauyi zuwa ƙafar gaba. Taurin sifirin bai warware wannan ba.

Hanyar kanta ta sha hukunta masu ganganci. Arewa da Sokode, kafin Bafilo, akwai hawan Alejo, inda titi ya ratsa ta tsagar dutse, gaba kuma akwai tsaunin Defale. A waɗannan gangarori birkin mota mai lodi fiye da kima yakan yi zafi ya saki. Cunkoso ya ƙaru bayan rikicin Kwaddibuwa na 2002, lokacin da kayan Burkina Faso da Mali da Nijar da yawa suka koma bi ta Lome. A 2005 ƙungiyar UEMOA ta fitar da doka mai lamba 14 kan iyakar nauyin da kowace ƙafar mota za ta ɗauka, aka kafa wuraren awo, daga baya kuma aka gina hanyoyin kewaye tsaunukan biyu a shekarun 2010.

Dokar ta fi shafar manyan motoci. Mai a-kori-kura da ke tashi daga kasuwar Dapaong da buhunan gero ba kasafai yake hawa sikeli ba, don haka hukuncin yana hannunsa da hannun bakanikensa. Madugu yana da jakin da zai durƙusa ya faɗakar da shi, direba kuwa idan ya taurara sifirin ya kawar da alamar da za ta nuna masa kaya sun yi yawa. Bakaniken ƙwarai shi ne wanda zai fara tambayar nauyin kaya da lafiyar birki da taya kafin ya taɓa sifirin. Hausawa dai sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.