Daga Caji Ofis Zuwa Rumfar Caji: Tafiyar Kalma Ɗaya a Dutse

Masu kishin harshe kan yi kukan cewa kalmomin aro na gurɓata Hausa. Kalmar caji kaɗai ta isa a sake duba wannan ƙorafi, domin yadda ake juya ta a Dutse ya nuna Hausa ce ke riƙe da linzami.

Ingilishin da Hausa ta aro ta daga gare shi ma aro ya yi, ta hannun Faransanci, daga kalmar Latin mai nufin yi wa amalanke lodi. Daga nauyin kaya aka samu nauyin tuhuma, da na kuɗi, da wutar da ake ɗura wa batir. Bahaushe bai karɓe su rana ɗaya ba, kowace ma'ana da ƙofar da ta biyo. Ta hukuma ce ta riga: tun zamanin Turawa, caji ofis ne inda ake rubuta laifin mutum, kuma har gobe haka dattijo a Garu, cikin Dutse, zai kira wurin.

Ƙofa ta biyu ta fi faɗi. Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, Jami'ar Tarayya ta zo da ɗalibai bayan kafa ta a 2011, wutar lantarki kuwa ba ta zama. Sai caji ya koma sana'a. A ranar kasuwar Shuwarin da ke kusa da Dutse za ka ga rumfa, janareta na ruri a bayanta, allo cike da soket, kowace waya da lamba manne a jikinta, mai ita ya soke ɗan kati a aljihu. Daga nan matasa suka ɗauki kalmar: ɗalibin da lissafi ya rikita, kansa ya ɗau caji, wanda ya sha ƙwaya, ya yi caji.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin nahawu. Ana caja waya, mai shago ya caje ka, batir ya caju. Kalmar ta hau gwadaben aikatau na Hausa kamar kama, kame, kamu.

Saura cajen aljihu a shingen 'yan sanda. A ganina wannan daga kalmar Ingilishi ta bincike ya fito, ya fake a inuwar caji. Da an bar shi da sautinsa na asali, da ya yi kusa da sace, ɗan sanda kuwa ba zai so a ce ya sace fasinja ba.