Tarihin su a tabkin Madarunfa



Tabkin Madarunfa shina kudu da Maraɗi, Gulbin Gabi ke zuba mishi ruwa da damana. Kowa ya san labarin waliyyai 99 da aka ce suna kwance kewayensa, amma tarihin su kaɗan ke tuna shi.

A ƙasar Hausa, can da, ruwa na da mai shi. Sarkin ruwa ke hana su har kihi ya girma, sa'annan ya sa rana, a shiga da homa da gora. Yaro kuwa sai hwatsa a bakin gaɓa, inda shike koyon haƙuri kahin ya kamo tarwaɗa ko karhwasa.

Farin 1973 da na 1984 sun janye ruwa, yunwa ta sa mutane kama har ƙanana. A 2019 tabkin ya shiga jerin Ramsar na ruwayen da duniya ke kiyayewa.

Takarda dai ba ta tsaron tabki. Dattawa, ku gaya ma yara dokar kakanni: wanda ya bar ɗan kihi bana, shi ka cin babba baɗi.

Allah shi ba mu damana mai albarka.