Jiran Diyya a Zangon Akra, Daga 1958 Zuwa Yau

Duk wanda ya san mahaɗar Kawukudi, inda titin Kanda ya haɗu da titin Obasanjo, ya san ba wurin tsallakawa da wasa ba ne. Motocin haya na trotro suna sauke fasinja a bakin hanya, 'yan okada na kurɗawa tsakanin motoci, yara da mata masu talla na neman ƙetarawa zuwa Nima ko Maamobi. In tsautsayi ya afku, asibitin sojoji na 37 yana kusa, na Maamobi ma haka. Kai mai rauni gaban likita ba ya cin awa guda. Karɓar diyyarsa daga kamfanin inshora kuwa yakan ci watanni, wani lokaci shekaru, kuma da yawa daga mutanenmu ba sa ma fara nema.

Inshora ta shigo Gana ne a bayan 'yan kasuwar Turawa. A 1924 kamfanin Royal Exchange na Ingila ya buɗe wakilci a nan, shi ne tushen kamfanin Enterprise na yanzu. Hankalinsu a lokacin yana kan hajar kanti da kayan jirgin ruwa. Nima kanta sai a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya kafa ta. Wanda mota ta buge a zamanin, maganarsa a zauren sarkin zango ko na liman take ƙarewa: mai mota ya zo da dattawansa, ya ba da haƙuri, ya ajiye kuɗin magani, a shafa fatiha. Ba wai kakanninmu ba su san diyya ba. Almajirin da ya karanta Risala ya san diyyar kisan kuskure tana kan dangin wanda ya yi kisan, su haɗa hannu su biya cikin shekara uku. Akwai masu biya, akwai wa'adi sananne.

Shekara guda bayan samun 'yanci, a 1958, Gana ta kafa dokar da ta tilasta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta raunata ko iyalan wanda ta kashe. Dokar tana nan har yau. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ita ƙaramar inshorar nan da direba ke saya don gudun 'yan sanda, a wajen lalata dukiya ne take da iyaka. A wajen rauni da rai, doka ba ta yanke mata iyaka ba. A 1962 gwamnatin Nkrumah ta kafa kamfanin inshora na ƙasa, SIC. A 1972 aka yanke cewa mai rauni yana da shekara uku ya shigar da ƙara, in ya wuce haka ƙofa ta rufe. Wannan wa'adin kan mai nema yake. Mai biya kuwa, dokar 1989 ta haifar da Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, don ta tsaya masa a ka. A 1996 aka buɗe asusu na musamman don wanda motar da ba ta da inshora ta buge, ko wanda direba ya buge ya tsere.

Wani babban dalilin jinkiri a da shi ne bashi. Kamfanoni na ba da takardar inshora kafin kuɗin ya shigo hannunsu, ranar biyan diyya sai a tarar lalita babu komai, a shiga je ka ka dawo. A Afrilun 2014 hukumar ta hana: in ba a biya ba, babu inshora. Ta kuma gindaya wa kamfanoni wa'adin biya. A Janairun 2020 aka buɗe rumbun bayanai na inshorar motoci don maganin sitikar bogi, ta yadda fasinja zai danna *920*57# a wayarsa, ya sa lambar mota, ya ga ko inshorarta na aiki. Sabuwar dokar inshora ta biyo baya a 2021. Waɗannan gyare-gyare ne na gaske, bai kamata a raina su ba.

To me ya sa har yanzu ake jira? Saboda agogon kamfani ba ya fara bugawa sai fayil ya cika, kuma cika fayil shi ne inda mutumin zango ke faɗuwa. Ana son rahoton 'yan sandan hanya, ana son rahoton likita, ana son rasit na kowane magani da hoton rauni da takardar rantsuwa. Rahoton likita kuɗi ne, ga wanda ya riga ya ƙarar da jarinsa a jinya. Wani jinkirin ma yana da hujja, domin likita ba zai iya faɗin iyakar nakasa ba sai ƙashi ya haɗe an ga yadda ƙafa ta koma. Amma mu, da yawanmu, da an ce karaya ce sai dangi su sa hannu a fitar da majinyaci a kai wa mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, akwai ƙwararru a cikinsu. Sai dai mai ɗori ba ya ba da rasit, kamfani kuma ba ya karɓar shaidar baki.

In rai ya fita, abin ya fi nauyi. Addini ya ce a gaggauta sutura, iyali kuma ba sa son a taɓa gawa, don haka ana roƙo a sake ta ba tare da cikakken bincike ba. Bayan sadakar arba'in sai a tarar takardar da ke haɗa mutuwar da hatsarin ba ta cika ba. Sannan sai an je kotu an karɓi izinin kula da gado kafin a biya magada. Nan kuma a tambayi takardar aure. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda, amma aure nawa aka ɗaura a masallatan Nima da aka kai wa wannan rajista? Mace mai takaba, wataƙila da abokiyar zama, ita za ta yi ta yawon rantsuwa don tabbatar da abin da duk unguwa ta shaida.

Okada ta zo da nata. Dokar hanya ta 2012 ta haramta haya da babur, don haka shekara da shekaru matasanmu suna ɗaukar fasinja da inshorar hawan kai, in ma akwai ta, abin da ke ba kamfani hanyar zamewa. Direbobinmu masu zuwa Lome, Yamai da Kano kuwa suna ƙarƙashin katin inshora na ECOWAS da aka amince da shi a Kwatano a 1982, inda fayil sai ya ratsa ofisoshin ƙasa biyu, wani lokaci da harsuna biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin kansa yana cin kuɗin. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Diyyar da aka tsayar a farkon 2022 aka biya a ƙarshenta ta riga ta zube. Shi ya sa mai rauni kan karɓi duk abin da aka miƙo ya sa hannu, ga kason lauya ko na ɗan tsakani a ciki. Wasu kuma su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiya alheri ce, amma direba ake yafe wa. Kuɗin inshora an riga an karɓe shi daga masu motoci domin irin wannan rana, kuma in mamaci ya bar marayu, babu kawun da ke da ikon yafe haƙƙinsu.

Fiye da mutum 2,000 ke mutuwa a titunan Gana kowace shekara, masu rauni sun ninka haka sau da yawa. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa da ke tara kuɗin jinya da na likkafani za su iya ware mutum guda a kowace unguwa wanda aikinsa takarda ne tun ranar hatsari: ya rubuta lambar mota, ya duba inshorarta, ya bi rahoton 'yan sanda, ya adana rasit. In kamfani ya wuce wa'adi bayan fayil ya cika, hukumar NIC tana da sashen karɓar koke, kuma ofishinta a titin Independence bai fi hawan trotro guda daga Nima ba.