Daga Peugeot 504 Zuwa 'Yar Kwatano: A Gyara Ko A Sauya?

Motarka ta tsufa, kullum kana garejin bakanike. Ka sayar ka ɗauko wata ta hannu, ko ka ci gaba da lallaɓa ta?

Bari mu ɗan waiwaya baya. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. A wancan zamanin, ma'aikacin gwamnati kan karɓi bashin mota ya sayi 504 sabuwa dal. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Sai aka koma wa motocin da Turawa suka gama hawa, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ana shigo da su ta kan iyaka. Nan sunan 'yar Kwatano ya samo asali.

A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. A 2023 aka cire tallafin mai, naira ta sake faɗuwa, kuɗin kwastam ya bi dala sama. Yau ta hannun ma sai wane da wane.

To ɗan'uwa, wadda za ka saya ma tsohuwa ce, kuma ba ka san ciwonta ba. In injinka da giyarka lafiya lau, gyara ya fi. In kuɗin gyara na neman kamo kuɗin motar, sayar, amma ka tafi da bakanikenka ya duba sabuwar.

Mu matasa kuma mu tambayi shugabanni: yaushe mai albashi zai sake hawa sabuwa?