Aikin Ma'aikatan Jinya na Gida Wajen Rage Raɗaɗin Ciwon Daji

Ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara, yakan zo da raɗaɗi mai tsanani idan ya yi nisa a jiki. A karkararmu da yawa daga cikin masu fama da shi a gida suke jinya, saboda nisan manyan asibitoci da tsadar zirga-zirga. Ma'aikaciyar jinya mai ziyartar gidaje ita ce idon likita a ɗakin irin wannan majinyaci.

Aikinta na farko shi ne auna ciwon. Takan tambayi inda yake, da lokacin da yake tashi, da ko yana hana barci, sannan majinyaci ya ƙiyasta ƙarfinsa daga sifili zuwa 10, ko ya nuna da yatsun hannu. Wannan tambaya ba ƙarama ba ce a wurinmu, domin dauriya da kunya kan sa dattijo ya ce “da sauƙi” alhali bai runtsa ba.

A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magani mai hawa uku: farasitamol da makamantansa ga ciwo mai sauƙi, kodin ga matsakaici, sai mofin ga mai tsanani. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki, kuma a kan lokaci. A nan ne iyalai suka fi yin kuskure: sai su ajiye magani har majinyaci ya fara nishi, alhali ciwon da ya riga ya tashi ya fi wuyar kwantarwa. Ruwan mofin na yau da kullum, alal misali, duk bayan awa huɗu ake ba da shi. Ma'aikaciyar jinya ce ke rubuta wa iyali waɗannan lokuta, ta duba ko an bi su, ta sanar da likita idan ana bukatar ƙari ko ragi.

Mun san sunan waɗannan magunguna ya ɓaci, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a shekarar 2018. Amma mofin da likita ya rubuta, aka bi ƙa'idarsa, ba ɗaya yake da shaye-shaye ba. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne taurin bayan gida, wanda kusan kullum yake biyo baya kuma yana da magani. Idan majinyaci ya kasa farkawa ko numfashinsa ya ragu ƙwarai, a nemi ma'aikacin lafiya nan take. A kulle maganin, kada a ba wani.

Haka kuma takan koya wa masu jinya wanke rauni da juya majinyaci duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya.

A ƙasar Yuganda, tun shekarar 2004 doka ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman ikon rubuta mofin, domin ya isa ƙauyukan da ba su da likita. A wurinmu, inda takardar likita ce hanya, nauyin da ke kan jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni shi ne su san gidajen da ke da irin waɗannan majinyata, su samar wa ma'aikata abin hawa da mai, su kuma haɗa cibiyar lafiya ta gunduma da asibitin da ke ba da maganin, don kada ya yanke a tsakiyar jinya.